Yadda ake auna tasirin binciken malamin jami'a

Malam, ka tambayi yadda ake auna tasirin rubuce-rubucenka, tunda lokacin ƙarin girma ya matso. Ma'aunin da aka fi dubawa shi ne h-index, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In kana da maƙala 6 da aka kafa hujja da kowacce aƙalla sau 6, makinka 6 ke nan. Ko ɗaya ta samu ambato 300, ita kaɗai ba ta ɗaga ka.

Google Scholar da Scopus rumbunan intanet ne da ke ƙirga wannan ambato; Google Scholar kan ba da adadi fiye da Scopus, don har kundin digiri yake kwasowa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai nazarin ajami a nan Sakkwato: galibin mujallunmu na gida ba sa cikin Scopus, sai a ga kamar bai taɓuka komai ba.