Bashin atamfa: caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne

Alhaji, saƙonka daga Kantin Kwari ya iso. Ka ce ka ba wani kamfani dilolin atamfa na naira miliyan 18, aka biya ka miliyan 7, sauran kuma kullum gobe, don haka kake so 'yan sanda ko EFCC su tsare mai kamfanin sai ya biya. Ban ga takardunku ba, ban kuma ji ta bakinsa ba, saboda haka abin da zan faɗa bisa bayaninka ne kawai.

Rashin biyan bashi, shi kaɗai, ba laifin kamu ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Na san ana yi, wani lokacin ma kuɗin na fitowa, amma idan mutumin ya samu lauya mai kaifi zai iya kai ƙarar tauye masa 'yanci, ka wayi gari kai mai bin bashi ne kotu ta ce ka biya diyya. Zamba daban ce: sai an nuna tun ranar da ya ɗauki kayan ba shi da niyyar biya, kuma miliyan 7 ɗin nan za ta wahalar da wannan hujja. Idan cak ya ba ka banki ya dawo da shi babu kuɗi, magana na iya canzawa, domin akwai dokar 1977 a kan haka, ko da yake ita ma tana da sharuɗɗa.

Sai batun karɓar gidansa da motarsa a madadin bashin, da ka ambata. Duba rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tukuna. Idan cikakken kamfani ne mai Ltd a ƙarshen sunansa, kamfanin kake bi, ba shi ba, sai fa in ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa. In sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, to nan yana iya ɗaukar nauyin.

Kotu a buɗe take. Takardar neman biya, sannan ƙara, wannan kowane lauya ya sani. Sai dai da zarar mai kamfanin ya ce kayan sun zo da aibi, shari'ar ta miƙe, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, kuma hukunci a takarda ba kuɗi ba ne a aljihu.

Shi ya sa na fi karkata ga sulhu. Babbar Kotun Kano na da cibiyar sasanci tun 2009, kuma Dokar Sasanci ta 2023 ta ba yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya ƙarfin da kotu za ta iya tilasta aiki da ita. Mai shiga tsakani ba alƙali ba ne, ba zai ce kai ne da gaskiya ba. Aikinsa ya fito da abin da mutumin zai iya biya da gaske, wata nawa, da me zai jingina. Uzurin tashin dala da yake kawowa bai gamsar da ni ba, duk kasuwar dala ɗaya take saye, amma a bar shi ya faɗa a teburin. In dattawan kasuwa ne za su zauna, madalla, a dai rubuta, a sa hannu da shaidu.

Wajen zaɓen lauya, nemi wanda ya tsaya a shari'ar kasuwanci kuma ya zauna zaman sulhu. Wanda ya san inda ƙara ke maƙalewa ya fi sanin rangwamen da ya kamata ka karɓa.

Kada ka yi ta jira, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ƙarar bashi na da wa'adi, shekara 6 a jihohi da dama, 5 a wasu. Ka haɗa rasit, takardar lodin kaya, bayanan banki da saƙonnin WhatsApp da ya amsa bashin, kuma kada ka goge ko ɗaya, har waɗanda ka yi masa cikin fushi.