Toyota ko Honda: da wacce zan fara harkar motoci?

Tambaya: Yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Na tara abin da zai sayi mota ɗaya ko biyu, ina so in gwada saye da sayar da motocin Japan na hannu. Wasu sun ce Honda, wasu Toyota. Da wacce zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa nema albarka. Da Corolla za ka fara. Mai ƙaramin jari ba ya ajiye mota wata uku tana shan rana a filin dillalai, motar da za ta fita da wuri yake nema.

Toyota ta fito da Corolla a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Honda kuwa sai 1972 ta kawo Civic, Accord ta biyo baya a 1976. Duk da haka motocin Japan sun daɗe a bayan Fijo a ƙasar nan, don tun 1975 aka fara haɗa Fijo 504 a Kaduna. Da naira ta karye sabuwar mota ta gagari talaka, sai 'yan Kwatano suka cika kasuwa, makanikai suka ƙware a kansu, kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka cika da kayan gyaransu. Wannan sabawa da aka yi da su ita ce darajarsu a yau.

Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 nake nufi, mai inji 1.8. Ba ta shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ce tambayar farko a bakin mai saye. Ma'aikaci na sonta, ɗan haya na sonta. Ta gabanta, ta 1998 zuwa 2002, ta fi araha, amma da yawansu na shan baƙin mai. Ka sa a tada ta da safe inji na sanyi, ka tsaya ta baya ka kalli salansa. In hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi, bar ta.

Camry na biye: Pencil ta 1997 zuwa 2001, Big Daddy ta 2002 zuwa 2006, sai Muscle daga 2007. Ka tsaya kan mai silinda huɗu.

Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira Discussion, ta fi daɗin tuƙi kuma samari na rububinta, amma ƙafarta ba ta jure ramuka, mai silinda shida (V6) kuma ta yi suna wajen matsalar giya. Sai idonka ya buɗe tukuna.

Abu biyu kada ka sassauta. Japan ta hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama, mu kuwa mun koma dama tun 1972. Don haka yawancin motocinmu na hannu daga Amurka da Turai suke zuwa. Wadda aka juya wa sitiyari, ko kyauta ce ka yi tunani, rai ake ɗauka a ciki. Na biyu takardun kwastan: a tantance su da lambar shasi kafin ka biya ko sisi, domin tun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma wadda aka kama jarinka ne ya tafi.

Mota ɗaya za ka saya, ka ajiye sauran kuɗin don fenti, taya, batir da la'ada. Ka tafi da makanikenka, ba na mai motar ba. Kuɗin shagon yadi kuma kada ka taɓa su.