Daga Alef zuwa Tav: shin baƙi yana da ma'anar kansa?

Wani mai karatu daga Jos ya aiko da tambaya mai nauyi. Ya ce ya saurari wani mai wa'azi yana cewa kowane harafin Ibrananci hoto ne da ke nuna Yesu Almasihu, har ma sunan Allah mai baƙaƙe huɗu, wato yod, he, vav, he, idan aka bi hotunansa sai ya ba da "hannu, duba, ƙusa, duba". Yana so ya san ko haka abin yake, kuma ko baƙaƙenmu na Hausa suna da irin wannan asiri.

Malam, bari mu faro daga gida, domin duk wanda ya taɓa zama gaban allo ya riƙe rabin amsar. Ka tuna yadda ake biya wa yaro babbaƙu: alu, ambaki, wau, zal. Malaman tsangaya ba su bar haruffan Larabci da sunayensu na asali kawai ba, sai da suka laƙa musu sunaye daga abin da ido ya gani. Akwai ba guje, akwai lam jaye, akwai ɗa mai hannu, akwai jim ƙarami koma baya. Ɗigo kuwa ruwa suke ce masa, shi ya sa ake cewa sin mai ruwa, wanda ba shi da ɗigo kuma a ce wofi. Abin da ya fi burge ni shi ne ambaki. Sunan wannan harafi a Larabci da Ibrananci, ain ko ayin, ma'anarsa ido, domin tun farko da'ira aka zana kamar ƙwayar ido. Da ya iso hannun Bahaushe siffarsa ta riga ta sauya, sai ya dube shi ya ga baki a buɗe, ya ce ain baki. Harafi ɗaya, wancan ya ga ido, wannan ya ga baki.

Haka sunayen baƙaƙen Ibrananci ashirin da biyu suka samo asali. Alef sa ne, wato bijimi, bet gida, dalet ƙofa, yod hannu, kaf tafin hannu, mem ruwa, pe baki, resh kai, shin haƙori, tav kuma alama ko shaida. Mai ɗan Larabci zai ji 'yan'uwansu nan da nan: baiti, yadu, kaffu, ma'u, ra'asu, sinnu. Dabarar ita ce a zana abu, sannan a ɗauki sautin farko na sunansa a bar sauran. An zana gida ba don a ce gida ba, sai don a ce "b". A shekarar 1905 masanin kayan tarihi Flinders Petrie ya gano irin waɗannan rubuce-rubuce na farko a Serabit el-Khadim cikin hamadar Sina'i, a 1916 kuma Alan Gardiner ya gane wannan dabara har ya karanta kalma guda daga ciki. Kan san nan yana nan har yau a rubutun boko. Ka kifa A ka duba, za ka ga ƙahoni biyu a sama.

To, yanzu ga batun Kiristoci, kuma nan sai an yi tankaɗe da rairaya, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai fassarar da ke da saiwa mai zurfi, akwai wadda jiya-jiya aka dasa ta.

Mai saiwar ita ce ta tav. A littafin Ezekiyel sura 9 aya 4 an umarci wani mutum mai tufafin lilin ya ratsa Urushalima ya sa shaida a goshin waɗanda ke baƙin ciki saboda ɓarnar da ake yi a birnin, domin a tsirar da su daga hallaka. Kalmar da aka juya da shaida, a Ibrananci ita ce tav, sunan harafin ƙarshe kenan. A tsohon rubutun Ibraniyawa kuwa, wanda ake amfani da shi a zamanin Ezekiyel, tav layi biyu ne da suka gitta juna, kamar + ko X. Kalmarmu ta gicciye ma daga wannan gittawar take. Don haka Kiristocin farko ba su sha wahala ba wajen ganin gicciyen Almasihu a nan. Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya faɗi haka wajen shekara ta 200, yana kafa hujja da harafin T. Orijen na Iskandariya ya bi Yahudawa yana tambayarsu ma'anar tav, wani daga cikinsu da ya karɓi Kiristanci ya gaya masa cewa a tsohon rubutu siffar gicciye gare shi. Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, shi ma ya tabbatar, ya ce Samariyawa suna riƙe da tsohuwar siffar. Daga baya, a 1215, Paparoma Innosent na Uku ya buɗe babban taron shugabannin coci na Lateran na huɗu da wa'azin da ya yi bayanin wannan aya a cikinsa, waliyyin Kiristoci Faransis na Asisi kuma da alamar T yake sa hannu a wasiƙunsa. Bayahude zai ce shaida ce kawai, Kirista zai ce inuwar gicciye ce, amma dukansu sun yarda a kan kalmar da siffarta. Saɓaninsu na aƙida ne, ba na harshe ba.

Ba haka zancen "hannu, duba, ƙusa, duba" yake ba. Yod hannu ne, wannan babu ja. Amma vav a Attaura ƙugiya ce, irin wadda ake rataya labulen alfarwar sujada a jikinta, kamar yadda ya zo a littafin Fitowa. Ƙusa tana da kalmarta daban, masmer. An ɗan tanƙwara ma'anar ne domin ta hau inda ake so. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Ibraniyawa ba su taɓa gina kalma ta hanyar jera hotuna ba. Kakanninsu sun daɗe suna magana kafin a ƙago rubutun, kamar yadda Bahaushe ya daɗe yana cewa ruwa kafin ya ga ra da wau. Gwada dabarar a kan wasu kalmomi ka gani. Shem, wato suna, shin ne da mem: haƙori da ruwa. Em, wato uwa, alef ne da mem: sa da ruwa. Masu wannan hanya sukan nuna ab, uba, su ce alef da bet ne, ƙarfin gida. Ya yi daɗin ji ƙwarai, amma ɗaya ce ta dace cikin ɗaruruwan da ba su dace ba. Idan wani ya zo ya ce maka duk kalmar ajami da ta fara da ba guje akwai gudu a cikin ma'anarta, ai ba za ka saya ba.

A nan ne karin maganar nan ke aiki: kama da wane ba ta wane ba. Abin da ake nufi, kama ba ta mai da kai shi. Harafin shin yana da kawuna uku a kan gindi ɗaya, wasu Kiristoci suka ga Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Alef na yanzu ana iya rarraba shi zuwa yod a sama, yod a ƙasa, da vav a kwance tsakaninsu. Malaman Yahudawa ne suka fara wannan rarrabawa, sai wasu Kiristoci suka ara suka ce Allah ne a sama, mutum a ƙasa, matsakanci a tsakiya. Sai dai wannan siffa mai kusurwa da muke gani yau aro ce daga rubutun Aramiyawa, Yahudawa sun ɗauke ta ne bayan bautar Babila ta ƙarni na 6 kafin Almasihu. Alef ɗin da Dawuda ya sani ba shi da yod biyu. A 1494 wani masani Bajamushe, Yohanes Royhilin, ya cusa shin a tsakiyar baƙaƙen nan huɗu na sunan Allah ya ce ga sunan Yesu ya fito, alhali Yeshuwa da yod, shin, vav, ayin ake rubuta shi. Ni ban ga laifin mai bi ya kalli harafi ya tuna Ubangijinsa ba, mutane sun daɗe suna samun natsuwa ta haka. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya gaban jama'ar da ba su san harshen ba a ce musu wannan ita ce ma'anar kalmar, domin amana ce suka ba mai wa'azin.

Haka zancen alef da tav. A Wahayin Yahaya an ce "Ni ne Alfa da Omega", haruffan farko da na ƙarshe na Girkanci, wanda ya yi daidai da alef da tav. Sai wasu suka lura akwai 'yar kalma et, mai alef da tav, a ayar farko ta littafin Farawa, suka ce sunan Almasihu ne a ɓoye. Et alama ce ta nahawu da ke nuna wanda aiki ya faɗa a kansa, ta zo sau dubbai. A Farawa sura 4 aya 1 ita ce a gaban sunan Kayinu.

Wata malama daga Wusasa ta tambaya me ya sa a wasu bugu na Littafi Mai Tsarki ake ganin Alef, Bet, Gimel a kan sassan Zabura 119. Malama, gwanintar mawaƙi ce. Zaburar tana da ayoyi 176, kashi 22, kowane kashi aya takwas, dukan takwas ɗin kuma da harafi ɗaya suke farawa, a jere daga alef har tav. Juyi ba ya iya riƙe wannan ado, shi ya sa ake rubuta sunan harafin a sama. Maƙwabtanki masu karatun Ishiriniya sun san irin wannan tsari, inda Alfazazi ya ba kowane harafi baiti ashirin. Irin tambayarki wata mace mai suna Paula ta yi wa Jerom a Roma, ya amsa mata da wasiƙa a shekara ta 384. Ya ce alef koyarwa, bet gida, gimel cika, dalet alluna, ya haɗa su ya fitar da cewa koyarwar gidan Allah tana cikin cikar littattafai. Lura fa, bai ce alef sa ba ne, domin akwai wata kalma mai baƙaƙe iri ɗaya da ke nufin koyo. Tun a wancan zamani kowa yakan zaɓi ma'anar da za ta ɗauki darasinsa.

Akwai kuma wanda ya tambayi asalin abajada. Jerin nan na abajada, hawaza, huɗiya, kalamana, shi ne jerin Ibrananci sak: alef, bet, gimel, dalet, he, vav, zayin. Da shi ake ba haruffa lamba, da shi mawaƙanmu ke ɓoye shekarar waƙa a ramzi, ko da yake mu lissafin Magaribawa muke bi, inda shin ke tsaya wa dubu.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi ya ce yana jin ana cewa "ban rage ko wasali ba", ya kuma ga irin maganar a Matiyu sura 5 aya 18. Ɗana, a Girkanci iyota aka ambata, ana nufin yod, mafi ƙanƙanta cikin baƙaƙen Ibrananci, tare da ɗan ƙahon da ke raba harafi da mai kama da shi, kamar dalet da resh. Yod baƙi ne, ba wasali ba. A lokacin da aka yi maganar ma ba a ƙago ɗige-ɗigen wasullan Ibrananci ba, sai bayan ƙarnuka masanan da ake kira Masoret suka sa su. Amma masu juyin Hausa da suka ce wasali da ɗigo sun yi daidai, domin Bahaushen da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san abu mafi ƙanƙanta a kan allo shi ne wasali, kuma ya san ruwa ɗaya ne ya raba ra da zaira.