Arnis ko kungfu, wanne ya fi saurin koyuwa?

Malam kana tambaya wanne zai fi saurin koya maka kare kai, Arnis na Filifin ko kungfu na China. Gaskiya Arnis ne, don tun ranar farko za a miƙa maka sanda ka fara bugu da tarewa, hannu zalla sai daga baya, a kungfu kuwa tsayuwar doki, wato ka ware ƙafafu ka lanƙwasa gwiwa kamar kana kan doki, za ka yi ta yi wata da watanni cinya na rawa, makami sai ka yi nisa.

Amma fa Arnis sai da abokin atisaye. Na yi wata uku ina kaɗa sanda ni kaɗai, ranar da na tsaya gaban mutum wallahi na kasa auna tazara. In ba ka da kowa fara da tsayuwar nan, ko a ɗaki za ka yi.