Sanyin Jos daban, na ƙasan tafki daban: amsoshin Likita ga masu shirin nutso

Wasu matasa ma'aikata su shida, huɗu daga nan Jos, biyu daga Abuja, sun yi adashe za su tafi Kanada a watan Agusta, su yi nutso da tukunyar iska su kalli tsofaffin jiragen ruwan da ke kwance a ƙasan tafki. Ɗaya ya rubuto min, sai sauran suka biyo baya, har da matar ɗaya da mahaifiyar wani. Ga abin da fili ya ɗauka.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni injiniya ne a Rayfield. A Masar na koyi nutso, a Bahar Maliya, takardata ta ba ni izinin mita 18. Yanzu Tobermory muka nufa, a lardin Ontariyo. Ana ta tsorata mu da sanyin ruwan, amma ai ni haifaffen Jos ne, da ruwan rijiya nake wanka ko da hunturu. Akwai abin damuwa?

Amsa: Akwai, Injiniya. Ni ma a Jos nake, na san sanyin Janairu da ba a fita sallar asuba sai da bargo a kafaɗa. Amma wannan sanyin iska ne. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, wankan bokiti kuma minti uku ne ka goge jikinka. A Tafkin Huron, inda Tobermory take, saman ruwa yakan ɗan yi ɗumi a Agusta, shi ne ke yaudarar baƙo. Kana sauka za ka ratsa wani wuri inda ruwan ke juyewa farat ɗaya, daga nan zuwa ƙasa yana iya kaiwa digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Sanyin cikin firij ke nan. Shi ne ma ya adana jiragen: ga sanyi, ba gishiri, ba tsutsar nan ta teku mai cin katako, shi ya sa jirgin da ya nutse tun kafin Turawa su zo haƙar kuza a Filato yake nan da katakonsa.

Hannu sanyi ke fara kamawa. Yatsu su ƙage, ka kasa danna maɓallin rigarka ko kwance igiya. Daga nan tunani ya yi nauyi, numfashi ya yi sauri, iskar tukunya ta ƙare tun kafin lokacin da ka lissafa da lissafin Masar. Na'urar shaƙar iska ita ma tana iya daskarewa ta dinga fesar da iska ba tsayawa, don haka ka tabbatar wadda za a ba ka haya ta ruwan sanyi ce. Rigar robar da ka sa a Bahar Maliya ba za ta yi a can ƙasa ba. Busasshiyar riga ake sawa, wadda ruwa ba ya shigarta, ana hura mata iska, kuma tana da nata karatun. Wanda bai koya ba, iska kan taru masa a ƙafafu ta cilla shi sama, kai a ƙasa. Ka ba da kwana ɗaya ko biyu na farko ka koye ta a hannun malami, a ruwa marar zurfi.

Gandun ruwan can, Fathom Five, an kafa shi a 1987, jiragen da ke cikinsa sun haura 20, kowa da daidai shi. Sweepstakes da ya nutse a 1885 kimanin mita 6 kacal yake, daga cikin kwale-kwale ma ana hango shi. Arabia kuwa, na 1884, ya zarce mita 30, ga duhu ga sanyi, kuma ya ci rayukan masu nutso. Takardarka mita 18 ta ce. Ko abokai sun ce "ai saura kaɗan", ka bar musu. Kada kuma ka kutsa cikin jirgi: ƙafa ɗaya za ka kaɗa laka ta tashi, ƙofar da ka shigo ta ɓace maka. Kafin ka biya kuɗin tikiti, je likita ya duba zuciyarka da huhunka da kunnuwanka.

Tambaya: In mura ta kama ni ranar nutso, in sha maganin buɗe hanci in shiga?

Amsa: A'a. Maganin yana iya sakinka kana ƙasa, hanyar kunne ta toshe, iska ta rasa mafita wajen tasowa. Zauna a kwale-kwale ka riƙe wa abokai tawul.

Tambaya: Wani ya ce in cusa auduga da man kaɗanya a kunne don kada ruwan sanyi ya shiga.

Amsa: Kul! Matsin ruwa zai tura audugar ciki, ko dodon kunnen ya fashe. Ka matse hanci da yatsu ka hura a hankali tun daga mitar farko, in kunne ya ƙi ka ɗan taso. In ka fito da jiri, ko jini, ko jinka ya ragu, sai asibiti.

Tambaya: Likita, maigidana na cikin tafiyar kuma tare za mu je. Cikina wata uku. Ko a wuri marar zurfi ba zan gwada ba?

Amsa: Ba za ki gwada ba, Hajiya. Akwai jiragen yawon buɗe ido masu gindin gilashi a garin, ki shiga ki kalli Sweepstakes kina zaune. Nutso sai bayan kin sauka lafiya kin yi arba'in, likitanki kuma ya amince.

Tambaya: Likita, ɗana yana cikin masu tafiyar nan, hankalina ya ƙi kwanciya. Bara a Masar ya yi nutso da safe, ya hau jirgin sama da dare. Ya iso gida kafaɗa da gwiwar hannu suna masa ciwo, yatsu biyu kamar ana tsira masa allura. Muka ce sanyi ne ya shige shi. Na gasa masa da ruwan zafi, na shafa man zafi, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, bayan kwanaki ya lafa. Bana me zan haɗa masa ya tafi da shi?

Amsa: Hajiya, sau biyu na karanta wasiƙarki, na ajiye na yi shiru. Allah ne ya tsare miki yaron nan. Ban duba shi ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da ciwon kumfar iska a jini, wanda ke kama masu nutso. Ki ba ni haƙurinki in yi miki bayani dalla-dalla, don duk wasiƙun makon nan taki ce ta fi tayar min da hankali.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, jiki ba ya aiki da ita, shiga take ta fita. A ƙarƙashin ruwa lissafi ya canja. Kusan kowace mita 10 tana ɗora wa mutum nauyi daidai da na duk iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa, wanda ke mita 20 ke nan iskar da yake shaƙa matsinta ya ninka uku. Sai naitirojin ta narke ta shige jini da tsoka da kitse. Kin san kwalbar lemo. A rufe ba kya ganin kumfa. In kin buɗe a hankali sai ta yi ɗan tsaki ta lafa, in kin fizge murfin sai ta tunzuro. Shi ya sa mai nutso ba ya tasowa fiye da mita 9 ko 10 a minti, kuma yakan tsaya minti 3 a mita 5. Ko ya fito, sauran iskar sai ta ɗauki awanni tana fita ta huhu.

To, cikin jirgin sama matsin iska kamar na kan dutse ne mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Ɗanki ya fizge murfin ke nan tun kwalbar ba ta lafa ba. Ƙa'idar ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni a ra'ayina a ba shi awa 24 cur, ranar ƙarshe a yi tsaraba. Mu 'yan Jos muna da ƙari, don garinmu kansa kimanin mita 1,200 yake, hawowa gida ma hawan dutse ne.

Sai batun gashi. Wallahi kalmar nan "sanyi" ta gundure ni. Ciwon mara sanyi, ciwon baya sanyi, ciwon gaɓa sanyi, duk abin da aka rasa sunansa sai a jingina wa sanyi a ɗora tukunya. Zafi yana ƙara ingiza iskar ta fito ta zama kumfa, ruwan zafin da kika gasa masa da shi wuta ya ƙara wa abin. Ƙaho kuwa jinin fata yake ja, kumfar tana can cikin gaɓa da jijiya, sai dai a bar yaro da tsaga da haɗarin askar da ba a san wa aka yi wa aiki da ita jiya ba. Mafi muni shi ne kwanakin da aka ɓata. Kumfar da ta tsaya a kafaɗa tana iya lafawa. Wadda ta shiga lakar baya tana shanye ƙafafu, ta hana fitsari, wani lokacin har abada. Ban faɗi don in ɗora miki laifi ba, abin da uwa ta sani kika yi.

Ga guzurin da za ki haɗa masa, kuma da baki ne. Ki ce masa bayan nutso, in ya ji ciwo mai zurfi a gaɓa, ko mutuwar wani sashe na jiki, ko jiri, ko gajiya marar dalili, ko fata ta yi dabbare-dabbare, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ƙi, ya faɗa nan take. Yawanci cikin 'yan awanni alamun ke fitowa. A kwantar da shi, a sa masa iskar oksijin zalla, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Kanada. Maganin ainihi wani ɗaki ne na ƙarfe da ake mayar da mutum cikin matsi yana shaƙar oksijin har kumfar ta narke. Kada ya koma ruwa wai don ya gyara, kada ya hau jirgin sama, kada ya yi wanka da ruwa mai zafi yana fitowa daga nutso, duk da na san a wannan sanyin shi ransa zai fi so. Kafin su shiga kwale-kwale su tambaya: akwai oksijin a ciki? Ina ɗakin matsi mafi kusa? Inshorarsu ta ƙunshi nutso?

Tun yanzu kuma ya je asibiti ya ba da labarin bara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama da ba ta rufe ba tun haihuwa. Ba ta damun kowa a tudu, amma takan ba kumfa hanyar ƙetarewa. Ya kamata a duba. In kuma ya dawo gida da wata alama, a kai shi asibiti a ranar, kalmar farko da zai gaya wa likita ita ce "na yi nutso".

Tambaya: Ni AS ne, ƙanina SS. Za mu iya?

Amsa: Ƙaninka a'a, babu ja-in-ja, sanyi kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwon sikila. Kai kuma ka ga likitan da ya san harkar nutso kafin ka yanke shawara.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini. Abokina kuma ya ce ɗan kurɓin giya kafin shiga ruwa yana ɗumama jiki.

Amsa: Abokinka ya yi kuskure. Giya buɗe jijiyoyin fata take, ka ji ɗumi alhali ɗumin fita yake, ga dushe hankali. Shayi da citta bayan an fito ya wadatar. Hawan jinin ne abin dubawa: ruwan sanyi yana matse jijiyoyi ya tara jini a ƙirji, a wasu har ruwa ya taru a huhu, mutum ya fito yana tari da kumfa. Kai wa likitanka kwalin maganin ya gani, kada ka daina sha da kanka. In awonka bai daidaita ba, ka fasa.

Tambaya: Kafin tafiya muna so mu yi gwaji a wani kududdufin kuza wajen Bukur. Wani mai faci zai ba mu injin hura taya da doguwar tiyo.

Amsa: Innalillahi! Injin faci yana haɗo iska da turirin mai, in yana kusa da hayaƙin janareta kuma ya tura muku gubar da ba ta da wari, mutum ya sume a ƙasa. In tiyon ta tsinke, tsoro zai sa ka riƙe numfashi ka taso, iskar da ka shaƙa a mita 10 kuwa tana ninka girma kafin ka kai sama, huhu ya yage. Kududdufan nan ramukan haƙa ne, gefensu a tsaye, ƙasansu laka, ba a ganin tafin hannu. Yaran da muke binnewa duk damina ake cewa 'yan ruwa sun ja su, zurfi ne da sanyi da laka. Ga kuma tsargiya a ruwan da ke tsaye. Ku yi gwajinku a wurin wanka na otal tare da ƙwararren malami da kayan aiki na gaske. Wanda ya riga ya shiga kududdufi ya ga jini a fitsarinsa, ya je a gwada shi.

Tambaya: Ina azumin Litinin da Alhamis. In yi nutso da azumi a bakina?

Amsa: Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan, yunwa kuma tana sa sanyi ya ci mutum da wuri. Nafila ce, Malam. Ka zaɓi ɗaya a ranar.