Ni ga ƙiba, ɗana ga tamowa: ta yaya haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Funtuwa, 'ya'yana huɗu. Watan jiya na kai autana awo, shekararsa biyu da wata huɗu. Ma'aikaciyar ta tsayar da shi jikin allon awo, ta duba kati, ta ce tsayinsa bai kai na sa'o'insa ba, wai ya tsumbure, tamowa ce. Ni kuma ranar aka ce nauyina ya yi yawa, jinina ya fara hawa, in rage ci. Da na faɗa a gida, uwar mijina ta ce ina aka taɓa ganin tamowa a ɗakin da uwa ba ta shiga ƙofa sai a karkace, wai ni ke cinye abincin yaron. Wallahi Malama bai taɓa kwana da yunwa ba. Da safe koko da suga, da hantsi biskit, da rana taliya ko shinkafa da mai da yaji, da dare tuwo. Maƙwabciyata ta ce in sayo masa maganin cin abinci a kemis ya yi ƙiba in huta da gori. In saya?
Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki saya. Zan zo kan maganin, amma bari in fara wanke ki a wurin Hajiya: ba ki cinye abincin kowa ba. Tukunyar da ta sa miki ƙiba ita ce ta hana shi tsayi.

Ki sake duba jerin da kika rubuto mini. Koko, suga, biskit, taliya, shinkafa, mai, tuwo. Daga safe har dare babu ƙwai, babu wake, babu kifi, babu nono, babu ganye sai ɗan abin da ya taɓa bakinsa a miyar dare. Duk abin da kika lissafa mai ba da ƙarfi ne da cika ciki. Ke da kika gama girma, abin da jikinki bai ƙona ba sai ya ajiye shi kitse a ciki da ƙugu. Shi kuwa gini ake yi, kuma an tara masa yashi tuli babu siminti. Ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa suna neman furotin, da sinadarin ƙarfe, da zinc, da bitamin A, waɗanda taliya da biskit ba su da su sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ga cikin yaro ɗan ƙarami, kofi guda na koko tsararo ya isa ya cika shi. Idan ya ɗora biskit a kai, kya kawo abin kirki da rana ya kau da kai, ki ce ba ya son ci.

A layin awo ina ganin irinku kullum. Uwa ta zauna ta cika benci, ta kwance goyo, sai ka ga yaro da kumatu, ba a rame yake ba ko kaɗan. Sai an tambayi shekarunsa hankali ya tashi: ɗan shekara uku da tsayin ɗan shekara biyu. Shi ya sa tsumburewa ke ɓuya a gidajenmu. Rama kowa na ganinta, gajarta kuwa sai a ce gado ce, kakansa ma haka yake.

Kuma ba ɗakinki kaɗai ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma 57 ne cikin 100, a jiharku ta Katsina kuwa wajen 6 cikin 10. Binciken nan guda ya nuna mata 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, sannan 58 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Wato mace tana iya zama da teɓa alhali jininta bai kai ba, don haka ke ma ki nemi a auna naki. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da nazarin da ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suna ɗauke da kayan nan biyu, tamowa da ƙiba, a lokaci guda, kuma abin ya fi ƙaruwa ne a waɗanda suka fi talauci. A Guwatemala kusan rabin ƙananan yara sun tsumbure, alhali fiye da rabin matan ƙasar ƙiba ta yi musu yawa. Su masara suke ci, mu gero da dawa, amma abin da ya shigo musu shi ya shigo mana: lemon kwalba da kayan leda masu araha sun isa kowane ƙauye, ƙwai da nama da madara kuwa sai mai hali.

Ga inda nake son ki natsu, don shi ne dalilin da ya sa na ce kada ki saya. Jikin da ya sha rashi tun yana ciki, ko a shekara biyun farko, yakan koyi tattali. Duk abin da ya samu daga baya sai ya riƙe gam. An ga haka ƙarara a Holan: a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta afka wa yammacin ƙasar. Likitoci sun bi diddigin jariran da ke ciki a lokacin har girmansu, suka tarar sun fi sa'o'insu yawan ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya. Wani likitan Ingila, David Barker, ya ga irin haka a tsofaffin takardun haihuwa na ƙasarsa: wanda aka haifa da ƙaramin nauyi ya fi haɗarin ciwon zuciya a tsufansa. To yaron da ya tsumbure, idan aka ɗura masa suga da mai don a rufe bakin mutane, tsayin ba zai zo ba, faɗi zai yi. A shekara arba'in sai ya zama gajeren mutum mai tumbi da hawan jini. Ba mamaki ke kanki haka aka yi miki. Ki tambayi mahaifiyarki da me aka yaye ki.

Maganin da ake cewa na cin abinci, galibi cyproheptadine ne, maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke sa barci da yunwa. Yaro ya ci ya kwanta, abin da ya ci kuma taliyar nan ce dai. Wanda ya fi muni shi ne wanda mata ke kira sha-ka-fashe, da yawansa dexamethasone ne. Yana kumbura fuska har a ce yaro ya yi kyau, alhali yana hawar da jini da suga, yana raunana garkuwar jiki, kuma yana daƙile tsayin yaro, abin da kike kuka da shi ke nan. Mai kemis ɗin da zai miƙo wa uwa wannan don ɗan shekara biyu, ni dai ban ga uzurinsa ba.

Ba zan yi miki daɗin baki ba: tsayin da aka rasa kafin shekara biyu da wuya ya dawo duka. Amma ƙwaƙwalwarsa tana kan girma, jininsa yana gyaruwa, kuma ana iya hana abin ci gaba.

Na san tsadar ƙwai, ba sai an faɗa mini ba. Don haka ki fara da abin da ke kasuwar Funtuwa. Ki samu gero ko dawa gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Ki tsince gyaɗar sosai, duk wadda ta yi funfuna ko ta yamutse ki zubar. Ki soya kowanne daban, ki sussuke ɓawon waken suyar, a niƙa tare. Kunun ya yi kauri yadda idan kin karkata cokali ba zai tsiyaye ba. Suga kaɗan, ko ki sa dabino. Kuɗin biskit na hantsi ya koma ƙosai, ko awara, ko alale. Busasshen kifi ƙanana ki daka da ƙayarsa ki riƙa barbaɗa cokali guda a abincinsa. Shinkafa kada ta sauka ita kaɗai, a haɗa ta da wake. Zogale da ƙuli-ƙuli, alayyafo, kabewa, gwanda, mangwaro a lokacinsa. Ranar da maigida ya shigo da nama, a nemi hanta, yanka biyu ya ishi yaro. Ƙwai ɗaya ko da sau uku a mako ya fi babu.

Abu guda da iyaye ke rainawa: kwanonsa daban. Idan ya sa hannu a tire ɗaya da yayyensa uku, kafin ya kai loma biyu sun share miyar, su bar masa gayan tuwo. Ki zauna kusa da shi har ya gama. Ki kai shi a ba shi bitamin A da maganin tsutsar ciki duk wata shida, kuma kada ki yi wasa da gudawa, don yaron da ke yawan zawo ko me ya ci ba ya zama a jikinsa. Idan kuwa aka ɗaura masa abin awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, wannan ya wuce kunu, asibiti za a tafi ranar. Abincin nan na gyaɗa da ke cikin leda na irin waɗannan yaran ne, magani ne, kada ki saye shi a kasuwa don ɗanki.

Ke kuma ba sai kin ɗora tukunya ta biyu ba. Malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su fi yawa, a rage magi da gishiri saboda jinin, lemon kwalba ki bar shi. Ki ba maigida shafin nan ya karanta, tunda cefane a hannunsa yake.

TAMBAYA: Malama, 'yata shekararta tara, ta fi duk ajinsu jiki, har ana tsokanarta. Kullum ina ba ta kuɗin tara, lemo da cincin take saya. Mahaifiyarta ta ce jin daɗi ne, ni kuma ina ganin a hana ta abincin dare. Wa ke da gaskiya?
Wani uba daga Kano

AMSA: Malam, ku duka kun kauce, amma ka fi Hajiya kusa, tunda ka ga akwai matsala. Ba a hana yarinya mai girma abinci, ba a kuma yi mata gori a gida bayan wanda take sha a makaranta. Inda za a taɓa shi ne kuɗin tarar nan. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen ƙaramin cokali 13, ita kaɗai ta wuce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa yarinya irinta a yini. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a jikin irin waɗannan kaya, ta kuma hana sayar da su a makarantu. Mu a nan harajin naira 10 aka sa wa kowace lita a 2022, kuɗin da ko alawa ba ya saya.

A haɗa mata abin tara daga gida: dafaffen ƙwai ko gyaɗa, ɗan itace, da gorar ruwa. Sauyin ya shafi kowa a gidan, kada a ware ta. A bar ta ta yi wasan guje-guje da yamma maimakon zaman waya. Sannan ka duba bayan wuyanta. Idan ka ga fatar wurin ta yi baƙi da kauri, irin wanda iyaye mata ke ta dirzawa da soso suna cewa dauɗa ce ba ta fita, ku kai ta a auna sugarta, a kuma duba jininta a tafiya ɗaya.