Tambaya da Amsa: Masu Fatsar Kifin da Bai Kai Ɗan Yatsa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan masunta ne, a bakin Neja na tashi. Kwanan baya na ga hoton wani dattijo ɗan Japan a waya, ya ɗora kifi a tafin hannunsa, kifin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi kuwa sai fara'a yake yi. Aka ce mini da gangan suke neman irin waɗannan, kuma da ƙugiya suke kama su. Gaskiya ne? Me ake yi da su?
Mai karatu daga Yawuri

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya aka faɗa maka, kuma abin ba na jiya ba ne. Tun zamanin da ake kiran birnin Tokyo da sunan Edo, wato tsakanin 1603 da 1868, mutanen birnin ke zama bakin ƙananan magudanan ruwa suna fatsar wani kifi da suke kira tanago. A Argungu wanda ya fito da giwar ruwa mafi nauyi shi ke cin gasa. Su kuwa masu tanago, gwaninsu shi ne wanda ya kamo kifin da zai kwanta a kan kwabon yen ɗaya, kuɗin Japan, bai leƙo waje ba, kwabon nan kuwa faɗinsa milimita 20 ne kacal.

Da ka ga kayan aikinsu za ka gane dalilin fara'ar dattijon. Sandar fatsar ta gora ce, gajeruwa, da yawa ba su kai mita ɗaya ba, an yanka ta gaɓa-gaɓa ana harhaɗawa, an shafe ta da man itace mai ƙyalli. Ƙugiyar kuwa, ko ta shago ba ta isar gwanaye. Sai mutum ya zauna da gilashin ƙara girma da dutsen wasawa, ya yi ta gyara bakinta har ya iya shiga bakin kifin. Koto kuma gwaiduwar ƙwai ce a kwaɓa da ɗan gari, a ɗiga a bakin ƙugiya, bai kai ƙwayar gero ba. A jikin zaren suna jera wasu 'yan ƙananan duwatsun ado masu launi a ƙarƙashin ruwa, domin kifin ba shi da ƙarfin nutsar da abin da ke yawo a sama. In ya taɓa koto, sai dai ka ga jerin ya ɗan karkata gefe. Wanda bai kafa ido ba, an cinye masa koto bai sani ba. Da sanyi aka fi yin wannan su, lokacin da kifin ke taruwa a magudanai da matsayar jiragen ruwa, irin na bakin tafkin Kasumigaura da ke arewa maso gabashin Tokyo.

Abin da ya fi kama ni game da tanago shi ne yadda yake haihuwa. Macen tana fito da wani dogon bututu daga cikinta, ta zura shi cikin makankari mai rai, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ke zama cikin laka, ta zuba ƙwanta a ciki. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa a can, su yi makonni a ɓoye kafin su fito. In babu makankari, babu tanago. Da aka riƙa dafe magudanan gonakin shinkafa da siminti, makankari ya rasa laka, kifin ma ya bi shi. Wani nau'i da ake kira miyako tanago ya ragu har gwamnatin Japan ta sanya shi cikin halittun da doka ta kare a 1974, yau kama shi laifi ne.

Daga Japan ne 'yan Amurka suka ari ƙugiyar, suka shiga ƙoramunsu da ita. Su abin da suke tarawa shi ne yawan nau'i: a kama, a saka a ɗan akwatin roba mai ruwa da ake ganin ciki, a ɗauki hoto, a rubuta suna da wuri, a mayar. Jihar Tenesi kaɗai tana da nau'in kifin ruwan daɗi fiye da 300, mafi yawansu ƙanana. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka gano a 1973, sai da ya sa kotun ƙolin Amurka ta tsayar da aikin dam ɗin Tellico a 1978 don kada nau'insa ya ƙare, ko da yake daga baya majalisa ta ba da damar a kammala shi. To ka ga ba don miya ake yi ba. Sanin abin da ke cikin ruwa ake nema, ni kuma ina ganin ɗan masunta irinka ya fi kowa cancantar wannan sani.

TAMBAYA: Malam, ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Ina so in fita da ɗalibaina su ga ƙananan kifayen da ke kusa da mu. Muna da wani abin gani kuwa, ko sai a ƙasashen waje? Kuma raina bai kwanta da a soki kifi da ƙugiya don kallo kawai ba.
Malama daga Azare

AMSA: Malama, kina zaune kusa da abin da masana na Turai ke nema. A 1928 wani Bajamushe masanin kifi, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan kifi da aka samo a kogin Kiyawa, a ƙasar Katagum, har yau sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan kogin: Pronothobranchius kiyawensis. Bai kai ɗan yatsa ba, namijin ya fi macen launi. A tafkunan damina yake zama. Kin san gaiwa tana shigewa laka ta jira ruwa. Shi wannan iyayen mutuwa suke yi in tafki ya ƙafe, amma ƙwan da suka binne yana nan cikin busasshiyar laka duk tsawon rani. Ruwan sama na sauka ya cika wurin, sai su ƙyanƙyashe, su girma cikin gaggawa, su yi nasu ƙwan kafin kaka ta wuce. Shi ya sa yara ke ganin kifi a kududdufin da babu rafin da ya shiga cikinsa. Irin waɗannan kifaye kuma suna cin tsutsar sauro.

Damuwarki game da ƙugiya tana kan hanya, kada ki yar da ita. Hukuncin abin a addini na malamai ne, ki tambaye su. Ta fuskar aiki kuwa, ga ɗalibai ba ki buƙatar ƙugiya sam. Ƙaramar koma mai laushi da kwalba mai faɗin baki sun isa. A ɗebi ruwan wurin a kwalbar, a saka kifi ɗaya ko biyu, a tsaya a inuwa, yara su duba baki da ido da tsarin launi, su zana a littafi, a mayar cikin 'yan mintoci. Wanda zai taɓa kifi ya jiƙa hannunsa tukuna, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa. Mai son gwada fatsa shi kaɗai, ya nemi ƙugiya mafi ƙanƙanta, ya danne ƙayarta ta baya da filaya don ta fita ba tare da yaga baki ba, ya yi koto da ɗan guntun tana.

A inda aka kama kifi, nan za a sake shi. A shekarun 1940 wani tanago na ƙasar Sin ya shiga Japan a cikin kifayen kiwo da aka kawo, ya yi ta barbara da ɗan'uwansa na gida har na gidan ya kusa ɓacewa. Kada yaro ya ɗauki kifin wannan tafki ya juye a wancan. Kada kuma a tace ruwa da gidan sauro. Yana kwashe har 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da masunta ke jira su girma, ga maganin da ke jikinsa.

Kafin ki fita, ki sanar da mai unguwa da Sarkin Ruwa in akwai shi. Ki kuma hana yaran shiga ruwan da ba ya gudu, musamman inda kika ga ƙananan katantanwa a jikin ciyawa, domin a nan tsargiya take kama mutum ta fata. Su tsaya a gaɓa, ko su sa dogon takalmin roba. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni, a kai shi asibiti, akwai maganinta. Ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba ya fi dacewa, lokacin tafkuna sun cika kuma kifin ya girma.